Karan da Na Kawo da Hannuna

Shekarun baya da dama, ina koyar da Turanci a wata sakandare mai zaman kanta kusa da Ƙofar Dundaye. Teburina ɗaya da malamin lissafi, Kirista ne ɗan kudancin Kaduna, bai fi shekara da zuwa Sakkwato ba. Mutumin nan aljebra ta shiga jininsa. Ya tsani a ce yaro ya haddace "y" da "x" bai san abin da suke nufi ba.

Wata rana ya ce yana son 'yan aji uku su gani da idonsu cewa tsawon abu da tsawon inuwarsa tare suke tafiya: idan ɗaya ya ninka, ɗayan ma ya ninka. Ya nemi tef ɗin awo. Akwai su sababbi cikin leda a kabad ɗin shugaban makaranta, amma shugaban ya ce yara za su lalata, an ajiye ne don ranar da masu duba makaranta za su zo.

Nan ni sarkin dabara na ce ya kwantar da hankalinsa. Washegari na ɗauro damin karan dawa a bayan babur daga gonar ƙanena a Dundaye.

Darasin ya yi kyau, wallahi. Kowane ɗalibi ya yanki kara daidai tsawonsa, ya rubuta sunansa a jiki, ya kafa a fili da hantsi, ya auna karan da inuwar da rula. Da suka sa lambobin a takardar zane, sai ɗigogin suka jeru a miƙaƙƙen layi. Wata yarinya da ba a taɓa jin muryarta a aji ba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ashe ko darbejiyag ga muna iya gane tsawonta ba mu hau ba?" Suka auna inuwar bishiyar, ita ta yi lissafin a allo: mita goma sha ɗaya da rabi. Don murna, yaran suka tafi gida da karansu.

Sai a gida abin ya fashe. Mu nan, da kara ake auna gawa a kai wa masu haƙar kabari. Kakar yarinyar ta ga kara daidai tsawon jikarta, ga suna a jiki, ta ɗora hannu a ka. Ni da na riƙe irin wannan karan ranar da mahaifina ya rasu, ko kusa abin bai faɗo mini ba.

Washegari iyaye suka cika ofis. Mahaifin yarinyar ya aza karan a tebur ya ce, "Ɗiyata da ranta anka yi ma awon kushewa? Mi munka yi muku?"

Ban ga laifinsu ba, tsoro ne ya kawo su. Wanda har yau raina ke ɓaci idan na tuna shi shi ne shugaban. Ya san gaskiya sarai. Maimakon ya ce shi ya hana tef, sai ya gyara zama ya ce, "Mu ma mun yi mamaki. Kun san malamin baƙo ne, ba mu san nuhinai ba." Sannan ya juya ga abokina malamin lissafi: "Wa ab ba ka kara?"

Ina tsaye a bakin ƙofa, ina jin komai. Abokina bai ko kalle ni ba. Ya ce, "Ni na nema. Ban san al'adar ba, ku yi haƙuri."

Kafin ƙarshen mako aka sallame shi. Ni kuwa na yi shiru, don ina tsoron kada nawa aikin ya bi nasa. Na raka shi tasha ina ta zagin shugaban, kamar zagi a tasha zai amfane shi da wani abu.

Da damina ta zo, iska ta kayar da darbejiyar. Aka kira kafinta zai yi bencuna da ita, sai ga shugaban ya buɗe kabad ya fito da tef. Yarinyar nan ta roƙa a bar ta ta riƙe bakinsa ɗaya. Daga gindi zuwa ƙarshen reshe, abin da ya raba awon da lissafinta bai kai taƙi ba.

Abin da na koya bai da daɗin faɗa. Na fi jin haushin shugaban, amma shirun da na yi a bakin ƙofar nan shi ya ƙarasa aikin. Jumla ɗaya daga bakin ɗan gari, "ni na kawo karan", da ta isa ta sanyaya zukatan iyayen.

Ranar da aka auna bishiyar na kira abokina a waya, yana koyarwa a garinsu. Na ba shi labarin bishiyar, na kuma ba shi haƙurin da ya kamata in bayar tun a ofis. Ya ce ya wuce. Sai ya tambaye ni da me muka auna.

Na ce, "Da tef ɗin kabad."

Ya ce, "Ashe yana fita."