Badaru Mai Rufe Littafi

Badaru mutumin Dogarawa ne. Sai da ya girma ya yi aure sannan ya koyi karatu, a ajin yaƙi da jahilci, kuma tun daga ranar bai sake ganin takarda ya wuce ta ba. Ya yi noma, ya yi karen mota, daga bisani ya shimfiɗa tabarma kusa da tashar Birnin Konni ya jera littattafai. Na Hausa daga Sakkwato yake ɗauko su. Na Faransanci kuwa, da ya ji an yi wa wani ma'aikaci canjin wuri, zai isa ƙofar gidansa ya saye su kafin motar kaya ta iso.

Ba ya tallan littafi. Karantawa yake yi da ƙarfi, yana satar kallon mutane, in ya zo inda labari ya yi daɗi sai ya rufe. Wanda ya yi magana, littafin nasa ne. Ya ce ƙananan yara ƙafarsu yake kallo, in ta daina lilo an kama su. Samari da 'yan mata baya suke juyawa kamar ba ruwansu, amma ba sa tafiya. Manya kuwa gardama suke yi da littafin. Haka na ga ya haɗa wani jandarma da tatsuniyoyi, ya haɗa wata mai tuyar ƙosai da tarihin garuruwa.

Ni likitan dabbobi ne. Ɗiyata ta fari, Mariyama, ta rasu a shekarar da sanƙarau ya yi yawa. Ita ce ke karanta wa ƙanwarta Larai labarai tun suna ƙanana. Bayan rasuwar, Larai ta daina buɗe littafi, har na lakwal, wato na makaranta. Tana aji na biyu a kwaleji, kuma darakta ya gaya mini cewa in shekara ta ƙare a haka, ba za su riƙe ta ba. Na sayo mata littattafai daga Yamai, irin waɗanda yayarta ke so. Ta gode, ta ajiye su a kan akwati.

Wata ranar kasuwa na tafi da ita wurin Badaru.

"Likita, bari ta zamna can bisa benci," in ji shi. "Kai kuma je ka duba shanunka. Uba na tsaye, ƙafa ba ta faɗin gaskiya."

Na koma rumfar mai shayi, inda nake hango su. Ya karanta labarin wata yarinya da kura. Yara suka taru har suna ture juna, amma ƙafar Larai na ta lilo. Kasuwa ta gaba ya gwada na wasu 'yan mata a makarantar kwana, sai ta tashi ta zo ta tsaya kusa da ni.

"Wanga irin na Mariyama ne," Badaru ya ce mini a hankali. "Ni ma na yi kuskuren da kowa ka yi."

Mun ci gaba da zuwa. Ran nan muka tarar ba ta kanmu yake ba. Cindo, wani mai haƙar rijiya daga Tsarnawa, ya zo da haushi: ya haƙa wa masu albasa rijiya ta ƙafe, alhali ta maƙwabcinsu cike take. Badaru ya zaro wani ɗan siririn littafi mai zane-zane, kan yadda ruwan sama ke shiga ƙasa ya yi tafiya cikin yashi har ya tarar da laka ya tsaya.

"Ƙarya ne," in ji Cindo. "Ruwa ba shi da ƙafa."

"Kai ma da ƙafarka ba ka same shi ba. Saurara."

Ya ci gaba. Ya zo daidai inda aka ce akwai alamar da ke nuna ruwa ya kusa tun kafin a sa diga, sai ya ɗaga ido. Ba Cindo ya kalla ba. Na bi idonsa, na ga ƙafar Larai ta tsaya cak. Ya rufe littafin, ya sa a ƙarƙashin cinya.

"Baba Badaru," ta ce, "wace alama?"

Na ajiye kofin shayina don kada ya zube.

"Ai ba naki ba ne, ɗiyata. Na Cindo ne, shi ya riga ki."

"To ba ni abina," in ji Cindo.

"In ba ka, ka yi mi da shi? Fifita? Sau nawa na ce ka shiga aji ka koyi karatu?"

Mutane suka yi dariya. Cindo ya karɓa, ya jujjuya shi, sannan ya miƙa wa Larai. "'Yar likita, taimaki kawunki. Masu albasa na jirana."

Ta buɗe. Muryarta ta fito ƙasa-ƙasa, tana sarƙewa. Cindo ya ce ta ɗaga, shi rami ya cinye masa kunne. Ta ɗaga. Da ta kai alamar, wata irin ciyawa ce da irin damshin ƙasa, ya buga cinya ya ce ya sha ganinta, ya kuma ce littafin bai faɗi duka ba. Ta ce a bari ta ƙarasa shafin tukuna. Suka yi ta ja har aka kira azahar.

Larai ta ci jarrabawar shekarar. Duk kasuwa Badaru na ajiye mata wani abu: taurari, injin mota, rayuwar fara. Littattafan Yamai sun daɗe a kan akwati. Wata rana da hantsi na dawo gida daga buro, wurin aikina, don ɗaukar allurai, na ji murya a tsakar gida. Larai ce ke karanta wa uwarta ɗaya daga cikinsu. Ta zo tsakiyar labari, ta rufe, ta zuba mata ido tana jira.