Matakalar Falon Yaya Sada

Yau shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Alhaji Sada. An ce a ambaci mamaci da alheri. Ni kuwa tsohon malamin makaranta ne, na saba rubuta wa ɗalibi abin da ya ci, ba abin da ubansa ke fata ba. Duk da haka bari in fara da yabo: ban taɓa ganin mai ido irin nasa ba. Tun daga bakin zaure yake hango karkatar bango.

Da ya gina gidansa a Kankiya, ya sa aka ɗaga daɓen falo sama da na baranda, aka yi matakala guda mai tsayi, ta kusa rabin ƙwauri. Sikatin, wato siririn tayil ɗin nan da ake bi da shi ta gindin bango, ya biyo baranda ya iske matakalar. Galibin masu tayil a nan suke datse shi, su cusa siminti a giɓin, su fara wani a sama. Yaya ya ce wannan aikin ƙauye ne. Ya sa aka yanka bakin kowane tayil a karkace, sikatin ya miƙe tsaye ya bi goshin matakalar, ya sake karyawa ya kwanta a falo, layinsa bai tsinke ba. An ɓamɓare an sake har mai tayil ya daina gaishe shi a masallaci. Amma fa aiki ya yi kyau, kyan ɗan maciji. Baƙo kan ga wannan kusurwa kafin ya ga ruwan sha.

Sai muka ɗauko mahaifiyarmu, Inna, daga Rimaye, gwiwoyinta sun gaji. Ɗakinta yana gefen baranda. Jikoki da hira da fanka kuwa suna falo. Sada ɗan fari ne, Inna ba ta faɗin sunansa, ba ta roƙonsa komai baki da baki. Ko shigowa ya yi, kai take kawarwa. Don haka ni ta aika.

"Ka ce ma wancan, ko za a ɗan kwantar mani da tudun nan."

Na isar da saƙo. Ya duƙa ya shafi kusurwar da babban yatsa, irin shafar da ban taɓa ganin ya yi wa kan yaro ba.

"Malam, in aka zuba gangare nan, ina sikatin zai bi? Matar da ta tsufa tana hawan rumbu? In tana so, ta faɗa mani da bakinta."

Ya san ba za ta faɗa ba. Nan ma idon nasa bai yi kuskure ba. Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A gidanmu ɗan ne ya yi gudu, uwar ta yi rarrafe, hannu biyu bisa tayil, gaban surukarta da jikokinta. Daga baya ta daina. Takan shimfiɗa tabarma a baranda, tana jin dariya ta ƙofa. Kafin damina ta ce a maida ta Rimaye, wai awakinta take kewa. Ba ta da akuya ko ɗaya.

Hawan jini ya ɗauke Yaya, Inna na nan da ranta. Bara babban ɗansa, Abba, ya sayi mashin. Saboda ɓarayi sai ya ga gara mashin ɗin ya riƙa kwana a falo, matakala kuma ta hana. Ya kira birkila, kafin azahar an zuba gangaren siminti, ko shafe shi ba a yi da kyau ba. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce. Ina jin ba zai yi maganar Inna ba, zai ce gangaren ya karkace.

Me ya rage na mutum? Kusurwar tana nan ƙarƙashin siminti, ko tsagewa ba ta yi ba, babu mai ganinta sai Wanda ya ga komai. Ina roƙa wa yayana rahama, don ya fi kowa bukata.

Makon jiya muka kawo Inna addu'ar da ake yi masa. Ta dogara sanda, ta bi sawun taya, ta shiga falon da ƙafarta. Ta tsaya ta ƙwanƙwasa simintin.

"Ashe ana iyawa. Wa aka yi mawa?"

Abba, yaron kirki, bai iya ƙarya ba. "Na mashin ne, Inna."

Ta jinjina kai. "To, Allah ya yi ma mashin albarka."