Masu Gadin Da Ba Na Gani

Ni tela ne a kasuwar Tasawa, aikin wuyan riga nake yi, kuma tun ina saurayi bakina ba ya shiru a kan launi. In zare bai dace da yadi ba sai na faɗa, ko da mai rigar surukina ne. Shi ya sa a fadarmu, inda muke shan shayi bayan la'asar a rumfar mai cajin waya, duk abin da ke da hoto ni ake miƙa wa in yanke hukunci.

Mai cajin abokina ne tun ƙuruciya. Ban da caji, yana zuba wa mutane fina-finai da wasanni a waya. Wata rana ya samo wani wasa mai araha, kuɗinsa bai kai na kwanon shinkafa da wake ba, ya saka mini a wayata in gwada, in gaya wa jama'a ko ya isa a saya.

Wasan na laɓe-laɓe ne. Wani ɗan mutum ne a cikin ƙaton sito yana neman hanyar fita, masu gadi suna zagaye da tocila. Ba faɗa, ba bindiga. Ka tura akwati nan, ka kashe fitila can, ka jira mai gadi ya ba da baya, ka bi inuwa ka wuce. In hasken tocila ya taɓa ka an kama ka, ka koma farko. Dabarar ta burge ni, ba zan ɓoye ba. Hoton ne ya ba ni haushi. Bango da ƙasa duk sun cakuɗe kamar an wanke baƙin yadi da shuɗi a bokiti ɗaya, ba ka gane inda haske ya ƙare inuwa ta fara. Abin da ya fi ƙona mini rai, masu gadin ba tahowa suke yi ba, faɗo maka suke yi daga gefe, kafin ka ankara sun riƙe ka.

Da na koma fada na ɗaga wayar sama na ce, “Wanga wasa ko kyauta ya yi tsada. Wanda ya zana shi bai taɓa ganin rana ba.”

Aka yi dariya. Akwai wani malamin lakwal, wato makarantar boko, a cikinmu da ke koyarwa a Kanan-Bakashe, ya zo hutu gida. Ya karɓi wayar ya ɗan taɓa, ya ce, “Maigida, hoton ga fa bai da laihi. Ga jan layi nan bakin hasken tocila, shi ka nuna maka inda za ka tsaya.”

“Wane jan layi?”

Ya miƙo mini, ya sa farce a wurin. Na duba, na sake dubawa, ban ga komai ba sai toka-toka. Na ce wa malamin ya je ya koya wa yara ƙidaya, ya bar wa masu launi launinsu. Mai caji ya leƙo ta kafaɗata, ya dubi wayar, ya dube ni, ya ci gaba da zuba shayi. Wannan kallon nasa ya fi maganar malamin damuna.

Washegari da na koma gida cin abincin rana, na tarar da matata tana tsince wake a inuwar zaure. Ba ta taɓa yin wasan waya ba, don haka na ga na samu shaidar da ba za ta goyi bayan kowa ba. Na zauna kusa da ita na kunna, na ce ta kalla ta faɗi gaskiya. Ɗan mutumin bai yi nisa ba ta ce, “Tsaya, ga wani nan tahe ta hagu.” Ban gan shi ba. Na matsa gaba, aka kama ni. Na sake, ta sake ganin wani kafin ni.

Ta ajiye faifan waken. Ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Malam, tun damina nike kau da buta daga hanyarka. Kahwaɗarka kullum sai ta bugi ƙyaure. Rigar kawuna na Mayahi kuma, koren zare ka sa cikin baƙi, ya ce kar in gaya maka.”

Na so in yi faɗa, na rasa da wa zan yi. Tsoro ne ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba, don ban iya wata sana'a ba sai wadda ake yi da ido.

A asibitin Maraɗi likita ya haska mini ido, ya ce hawan jinin ido ne, kuma ya daɗe yana ci daga gefe. Ya rubuta maganin ɗigawa. Ya ce abin da ya rage za a yi ƙoƙarin riƙe shi, wanda ya tafi kuwa ya tafi.

Yanzu in an tambaye ni wasan, sai in ce ya ci kuɗinsa har da riba, kuma an ce hotonsa yana da kyau. Aikin wuya na bar shi, ina ɗinkin wanduna da faci, inda kuskure ba ya fitowa fili.

Ban goge wasan ba. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci nakan rufe shago in kunna shi, in ga inda idona zai kai ni. Da farko ina wuce ɗakuna da yawa kafin a kama ni. Daga baya suka ragu. Juma'ar da ta wuce, a bakin ƙofar ɗakin farko aka riƙe ni. Na daɗe ina juya wayar a hannuna, ina neman wanda ya kama ni, ban same shi ba.