Abin da Baba Ya Gani a Cikin Kifi

Babana mai gyaran kifi ne a kasuwar kifi ta Jidda. Mutum ya sayi kifinsa ya miƙa masa, shi kuma ya kankare, ya farke ciki, ya yanka. A unguwar Ruwais aka haife shi, nan aka haife ni. Ko ya yi wanka sau biyu ƙarni bai barin hannunsa, saboda haka idan aka tambaye ni sana'arsa a makaranta sai in ce ɗan kasuwa ne.

Ina sakandare, malamarmu ta ilimin halittu, wata 'yar Sudan, ta ba mu labarin wani masanin falsafa na tsohuwar Girka. Ta ce ya zauna da masunta a wani tsibiri, yana tambayarsu, yana farke kifi da hannunsa, yana rubuta abin da ya gani. A wurinsa sani daga dubawa yake farawa, kuma babu halittar da ta yi ƙazantar da za a ƙi kallonta. Har ya rubuta cewa wani nau'in ƙirsh, kifin nan mai haƙora, ba ya yin ƙwai, haihuwa yake yi. An daɗe ana shakkar maganarsa kafin a tabbatar.

Muna cin abincin rana na ba Baba labarin.

Ya ce, "Shakka kuma? Ai gaskiya ya faɗa. Na sha ciro 'ya'yan da hannuna, kowanne da cibiyarsa."

Na ce, "Baba, da gaske?"

"Wallahi. Mutumin nan ya riƙe wuƙa, ba ji ya yi a bakin wani ba."

Washegari ya dawo da kifi biyu. Ya shimfiɗa jarida a tsakar gida ya ce, "Yalla, matso." Ya farke ɗaya, ya nuna mini jakar iskar da ke hana kifi nutsewa, da ƙwai, da wasu fararen duwatsu guda biyu ƙanana a cikin kai. Babu littafin da ya karanta. Kifi na biyun ni ya miƙa wa wuƙar. Na fasa matsarmama, ya yi ta dariya.

Da aka zo darasin farke kifi a aji, 'yan mata suka ja baya suna toshe hanci. Ni na fito na yi, ban fasa komai ba. Malama ta tambayi inda na koya.

Na ce, "Wurin babana. Sana'arsa ke nan."

Ta rubuta masa tambayoyi uku a takarda. Na karanta masa, ya amsa biyu, ta ukun ya ce bai sani ba, amma zai duba.

Yanzu ina koyar da ilimin halittu a wata makarantar 'yan mata a unguwar Waziriyya. Baba ya bar aiki, idonsa ya yi rauni, amma duk lokacin da zan kai kifi aji, shi ke raka ni kasuwa ya zaɓa.