Yadda na sa kwamfuta ta ƙirga dubu

Ina da shekara talatin da huɗu na fara zama gaban kwamfuta. A lokacin ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ta wani ƙauye kusa da Dungu. Da hutun damina ya zo, sai na ji an buɗe wani ɗaki a Matameye ana koya wa manya yadda ake ba na'urar umarni. Maigidana ya dawo daga cin rani a Kano yana fama da gona, na roƙe shi ya bar ni, ya ce in je.

Mai koya mana yarinya ce da ba ta daɗe da gama jami'a a Damagaram ba. Na girme ta da kusan shekara goma, amma Malama nake ce mata, ita kuma tana ce mini Yaya. Na'urorin ba su ishe mu ba, don haka bibbiyu muke zama. Abokin zamana wani dattijo ne, Alhaji, da ya yi ritaya daga aikin asibiti. Yatsa ɗaya yake danna haruffa da shi, kuma kowane harafi sai ya faɗe shi da baki tukuna.

A mako na uku, wata safiyar Talata, Malama ta ce mu sa na'ura ta rubuta lambobi daga ɗaya zuwa ashirin. Mun riga mun san umarnin da ke sa ta rubuta abu guda. Na zauna na jera shi sau ashirin, layi bayan layi, Alhaji yana duba mini. Da muka danna, lambobin suka fito ras. Na ɗaga hannu ina jin kaina.

Malama ta leƙo ta ce, "Madalla, Yaya. To yanzu ki kai shi dubu."

Na ce, "Dubu, Malama? Ai sai dai in kwana nan."

Alhaji ya ce, "Ni dai da wannan yatsa nawa, sai kaka."

Ta yi dariya, ta ja kujera ta zauna tsakaninmu, ta share duk layukana ashirin. Raina ya ɗan sosu. Sai ta rubuta layi biyu kacal. Ta ce wannan shi ake kira bukul da Faransanci, wato zagaye. Layin farko yana cewa a fara daga ɗaya, a riƙa ƙara ɗaya har a kai dubu. Na biyu yana cewa duk inda aka kai, a rubuta lambar.

"Ke za ki danna," in ji ta.

Na danna. Ban ma gama ɗauke yatsana ba, lambobi suka zubo suka wuce sama kamar an kwance bakin buhun gero, sai ga dubu tsaye a ƙasa. Na ja shafin baya a hankali ina dubawa, ko ta tsallake wasu. Ɗari huɗu da sha bakwai na nan, ɗari huɗu da sha takwas na biye da ita. Na tuna ina aji huɗu mushe, wato malaminmu, ya taɓa sa ni rubuta jimla ɗaya sau ɗari saboda surutu, na wuni ina yi har yatsuna suka ƙage. Ga shi abin da ya ninka wannan sau goma an gama shi kafin ƙiftawar ido.

Alhaji ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Ikon Allah. 'Yata, in aka ce mata miliyan fa?"

"Baba Alhaji, ƙara sifiri uku ka gani."

Ya ƙara da yatsansa ɗaya. Wannan karon na'urar ta ɗan jima tana gudu muna kallo, har na sauran teburan suka taso suka tsaya a bayanmu. Da ta tsaya, Alhaji ya kai tafin hannu ya taɓa bayan na'urar, ya ce ko gumi ba ta yi ba.

Washegari Malama ta nuna mana wani irin zagayen, wanda ke ci gaba muddin sharaɗin da aka gindaya bai cika ba. Na ce zan gwada ni kaɗai. Na rubuta cewa na'urar ta yi ta rubutu muddin lambar ba ta kai goma ba, amma na manta ban ce ta riƙa ƙara ɗaya ba. Na danna. Sai ɗaya, ɗaya, ɗaya, ba iyaka. Na danna nan, na danna can, ta ƙi tsayawa. Na ɗauka na lalata kayan mutane.

"Malama, zo da sauri, ta haukace!"

Ta zo ba tare da gaggawa ba, ta danna maɓallai biyu, komai ya lafa. Ta ce, "Lafiyarta lau, Yaya. Abin da kika ce shi take yi. Lambar ba ta motsa daga ɗaya ba, yaushe za ta kai goma?"

Na ce, "Da ba ki zo ba fa?"

"Da tana nan tana yi har a ɗauke wuta."

Wannan ya fi na jiya girgiza ni. Shekara goma sha ɗaya ina ba yara umarni, kuma kowane yaro in na yi kuskure yakan ɗaga kai ya dube ni. Wannan ba ta dubana. Duk abin da na faɗa shi ne, daidai ko ba daidai ba.

Kafin hutun ya ƙare na koyi sa zagaye cikin zagaye. Kwana uku ina fama, ina zana shi a kaye, littafin rubutuna, kafin in buga. Da shi na fitar da jadawalin ninkawa, daga gidan ɗaya har gidan goma sha biyu, a layi uku. Malama ta buga mini a takarda. Alhaji bai yarda ba sai da ya bi kowane layi da biro yana lissafi a ka, ya kai ƙarshe bai sami kuskure ba, ya roƙi a buga masa tasa saboda jikokinsa. Tawa kuwa na tafi da ita ƙauye, na manna a bangon aji da ƙaro ranar da aka koma lakwal.