Shekara Ɗaya Da Na Sa Ɗana Ya Ƙara

A lokacin ni ɗan kasuwa ne a Guangzhou, ina loda tayoyi zuwa Kano, kuma ina ji da kaina cewa babu abin da ban san darajarsa ba. Babban ɗana yana jami'a a Amurka, wajen kawunsa, yana buga ƙwallonsu da ake rungumewa a ruga. Aikinsa shi ne a miƙa masa ƙwallon ya ratsa ƙarti da gudu suna kayar da shi. Bayan shekararsa ta uku ya kira ni, ya ce masana sun ba shi shawara ya shiga zaɓen sababbin 'yan wasa da manyan ƙungiyoyi ke yi duk shekara, domin mai irin aikinsa tun da ɗanyen jiki ake sonsa. Na yi masa dariya. Na ce a kasuwa wanda ya daɗe ana ganin aikinsa shi ke tsada, ya ƙara shekara yana buga wa jami'a. Ya roƙe ni har sau biyu, na ce na gama magana.

Yaron ya bi umarnina. A shekarar nan kusan kowane wasa shi ake ɗora wa ƙwallo, har gwiwarsa ta taɓu, aka yi masa aiki. Da zaɓe ya zo, ana tsakiyar baje kolin Pazhou, na bar masu masana'anta suna jira, na tara abokaina 'yan Kano da Maraɗi a wani gidan abinci a unguwar Dengfeng da safe, muna kallo a waya. Aka yi ta kiran sunaye, ban ji nasa ba. Kwana uku ana yi, har aka rufe ba wanda ya ɗauke shi.

Kawunsa ne ya fahimtar da ni cewa ƙungiyoyin lissafa yawan karon da mai gudu ya sha suke yi, kowane karo yana rage masa daraja. Ni da nake duba taya in ce ta ci hanya, ban gane haka a jikin ɗana ba. Da na kira yaron ina kame-kame, bai ɗaga murya ba, ya ce kada in damu, shi dai ya yi abin da na ce.

Iyaye, sanin kasuwarku ba sanin komai ba ne. In ɗanku ya kawo maganar sana'ar da ba ku sani ba, ku tambayi masu ita kafin ku yanke. Nawa yanzu yana koyar da wasanni a wata makaranta, kuma in zai hau bene sai ya riƙe ƙarfen matakala.