Tari a Bayan Gwanin Dara

Kakarmu Iya Abu ba ta yarda da kowa ba, har da mu jikokinta. Idan an gama tuwon dare a gidanmu na Ƙofar Jatau, takan ɗora masara a kan garwashi mu kewaye ta, ido ɗaya a kan masarar, ɗaya a kan hannuwanmu. Ranar da Kawu Isa ya dawo daga wurin dara yana mitar an cuce shi, ta harare shi ta ce mana, "Ku matso, ga wata nan tafe." Muka ce ta iso lafiya.

Wai an yi wani gwanin dara, Tanko, a gindin wani durumi. Dokar wurin ɗaya ce: ɗan kallo ba shi da baki. Ko ɗan'uwanka ake shirin cinyewa, sai dai ka haɗiye. Tanko yana da aboki, Ɗanladi, kullum tsugune a bayansa, ga shi da yawan tari. Wata rana Tanko ya kai hannu kan wani dutse, Ɗanladi ya yi tari, sai Tanko ya janye hannu ya tura wani dabam, ya jera uku ya ci.

A nan Iya ta yi mana irin tarin, ƙasa-ƙasa, tana zare ido.

Ba wanda ya tunkari Tanko da zancen. Amma daga ranar, da Tanko ya share gurabu ya zauna, wannan zai tuna yana da aike, wancan ya ce bayansa ke ciwo. Kafin girbi tarin ya kwantar da Ɗanladi, ya ce ga garinku nan. Tanko ya dawo gindin durumi shi kaɗai, ya zuba duwatsu yana jira. Har ya tsufa ba wanda ya zauna.

Yayana Sani ya ce, "Iya, ashe tarin gaske ne?"

"Mai tarin gaske ba ya iya zaɓen lokaci? Ni dai ban ce ba. Juya masarar nan."

"To me ya hana su gwada shi, tunda abokin ba ya nan?"

Ta taɓe baki. "Su zauna ya cinye su, sannan su ce me?"

Da ƙuruciya na ɗauka labarin maguɗi ne. Sai da na girma na gane abin da ya fi ci mini rai: an kashe wa mutum suna ba a taɓa tambayarsa ba.

Bara a majalisarmu ta dara a Tudun Jukun aka fara ƙus-ƙus a kan Malam Habu tela, wai abokinsa kan gyara hula idan zai yi kuskure. Ciwon baya ya fara kama mutane. Ni ma, gaskiya, zuciyata ba ta kwanta da hular nan ba. Duk da haka na zauna gabansa na ce, "Malam Habu, ga abin da ake faɗa. Bari abokinka ya koma bayanka, inda ba ka ganinsa."

Idonsa ya kaɗa ya yi ja. Abokin ya koma baya, muka dasa. Ya cinye ni tas, ya sake, ya kuma. Na ɗago in ga fuskar masu zargin, sai na tarar duk sun tashi alwala, alhali la'asar da sauran lokaci.